Fim ɗin jirgin sama a kyamarar zugazugi: labarin gwangwani ɗaya a hunturun Kano

Gwangwanin ya zo hannuna ne a watan Nuwamba, daidai lokacin da hunturu ya fara kaɗawa a Kano. Wani abokin karatuna da ke aiki a wani kamfanin safiyo ya kira ni, ya ce suna kwashe tarkacen sito sun ci karo da wani baƙin gwangwani mai nauyi, ba wanda ya san amfaninsa, ko ina so? Rubutun jikinsa ya nuna Agfa Aviphot Pan 200 ne, faɗinsa milimita 240, tsawonsa mita 76, ko salatif ɗin bakinsa ba a taɓa ɓallewa ba. Fim ne na baƙi da fari da ake yi a garin Mortsel na ƙasar Beljiyam domin ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Tun da aikin taswira ya koma kan kyamarorin dijital da tauraron ɗan'adam, irin waɗannan gwangwanaye suka rasa mai nema.

Ni kuwa nema nake yi ruwa a jallo. Ina da kyamarar zugazugi mai cin fim na inci 4 da 5, irin wadda sai mutum ya lulluɓa da baƙin mayafi kafin ya saita, kuma shekara biyu ke nan ina bin gidajen ƙasa na cikin birni da ragowar ganuwa ina ɗauka, kafin a rushe su a zuba bulo. Abin da ke karya mini gwiwa shi ne fim. Sai an yi odarsa daga waje, kwali mai falle 25, kuɗinsa na tashi duk lokacin da dala ta motsa. Da na zauna da biro na yi lissafin gwangwanin, sai na ga abin mamaki. Fallen da ake kira 4 da 5, ainihin girmansa wajen milimita 100 ne da 125. In na yanka tsawon nadin gunduwa-gunduwa a kan milimita 125, zan samu gunduwa 608, kowace kuma za ta ba da falle biyu da ɗan rara na milimita 40. Falle dubu ɗaya da ɗari biyu da ɗoriya ke nan. A daren ban yi barcin kirki ba.

Duk wahalar da na sha bayan haka tushenta ɗaya ne: ba don mai tsayuwa a ƙasa aka yi wannan fim ba. Kyamarar safiyo irin su Wild RC8 da RC10 ana girka ta ne a cikin jirgi tana kallon ƙasa tsaye, tana ɗaukar hoto mai santimita 23 da 23, kowane hoto ya hau kan na bayansa da kusan kashi 60 cikin ɗari domin a iya auna tudu da kwari. A cikinta akwai faranti mai zuƙar iska wanda ke manne fim ya kwanta shamal a lokacin ɗauka. Saboda haka ba a bukatar fim mai kauri, an ma fi son siriri don nadi mai tsawo ya shiga gida ɗaya. Daga can sama kuma hazo yana dusar da komai, bambancin wuri mafi haske da mafi duhu sau da yawa bai wuce ninki goma ba. Don haka aka yi fim ɗin da kaifin bambanci, yana buɗe tazarar da ke tsakanin baƙi da fari, aka kuma sa shi yana jin jan haske har zuwa wajen nanomita 750, inda idon mutum ya riga ya gaza. Mu ma muna da tarihi da wannan sana'a. Hukumar safiyon da Ingila ta kafa a 1946 don ƙasashen da take mulka, wadda aka sauya wa suna a 1957 ta koma Directorate of Overseas Surveys, da hotunan sama irin waɗannan ta zana taswirori masu ma'aunin 1:50,000 na sassan Nijeriya da yawa, kuma tarin hotunanta yana ajiye yanzu a Edinbara. Duk lokacin da na tuna cewa a wani akwati can akwai garuruwanmu da ganuwarsu a tsaye, sai in ji aikin da nake yi ya ƙara nauyi a zuciyata.

Matsala ta farko ita ce yanka. Fim ɗin yana ganin kowane launi, saboda haka babu zancen jar fitilar da ake wanke takardar hoto a ƙarƙashinta. Duhu ake so ƙirin, wanda ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Na nemi taimakon wani dattijo da ya yi shekaru yana da shagon hoto a Sabon Gari, wanda tun ina yaro nake kiransa Baba. Muka toshe tagar banɗakin gidana da kwali da baƙar leda, muka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Na ari abin yankan takarda a wurin wani mai fotokofi, na manna rula biyu a kan allonsa da salatif, ɗaya a milimita 125, ɗaya a 100, yadda hannu zai ji inda fim zai tsaya ba sai ido ya gani ba. Nadin kuma muka zura masa sandar tsintsiya muka ɗora a kan bokiti biyu.

Da Baba ya fara taɓa shi a duhu sai na ji ya yi tsaki.

“Ɗana, wannan ai leda ce. Ka tabbata fim ne?”

“Fim ne, Baba. Haka aka yi shi, don jirgi.”

“To Allah Ya sa ya zauna a gidansa. Ni dai ban yarda da shi ba.”

Gaskiyarsa. Kaurin fallen da aka saba da shi wajen milimita 0.18 ne, wannan kuwa 0.10. A takarda bambancin kamar ba komai, a hannu kuwa kamar bambancin kwali da takardar littafi ne. Ga shi na foliyesta, ba ya yagewa ko kusa, in wuƙar ba ta da kaifi sai dai ta tauna gefensa. Sannan babu tsagar da masana'anta ke yi a kusurwar falle don a gane fuskar da ke da maganin kama haske. Dabarar da muka yi ita ce, tun da an naɗe shi ne fuskar maganin tana ciki, duk fallen da muka yanka sai mu gutsure kusurwar sama ta dama da almakashi, fuskar maganin tana kallonmu, kamar yadda tsagar masana'anta take zama. Mita biyu na farko muka zubar, don zagayen waje shi ya fi shan zafin sito.

A daren farko muka yanka falle 40. Kusan rabinsu sun lalace, kuma sai da na yi kwana uku kafin na gano dalili. In na wanke falle da ban ɗauki komai da shi ba, maimakon ya fito garau sai ya fito da toka-toka a gefe guda. Na zargi shekarun fim, na zargi zafin sito. Ashe lokacin da muka shiga banɗakin babu wuta, muna tsakiyar aiki aka kawo. A bayan bokiti akwai soket mai ɗan jan ƙwai kamar ƙwayar gero, yana fuskantar bango, mu ba mu lura da shi ba don mun ba shi baya. Fim ɗin nan kuwa yana jin ja sosai. Ga shi gindinsa garau yake kamar gilashi, haske yana shiga ta bakin yanka ya bi cikin ledar ya yi tafiya. Tun ranar, kafin in buɗe gwangwani sai na zare duk wani abu daga soket, na bar waya a falo, na zauna a duhun minti goma har idona ya saba, na juya ko'ina ina neman ɗigon haske.

Sai kuma wani abu da hunturu ya kawo. A wasu fallayen na ga zane baƙi kamar saiwar bishiya, mai rassa. Tartsatsin lantarki ne, irin wanda ke yi wa mutum ƙyas in ya cire rigar sanyi da dare. Iska ta bushe ƙayau, in ka ja nadin da sauri sai ya haifar da tartsatsi, fim kuma ya ɗauke shi a matsayin haske. Wannan lantarkin dai shi ke janyo ƙura ta manne, kowace ƙwaya ta bar ɗigo a sararin samaniyar hoto. Maganin Baba ne ya yi aiki: a yayyafa ruwa a ƙasa kamar za a yi shara, a rataya jiƙaƙƙen tawul, a rufe ɗakin rabin awa kafin a fara. Ƙura ta kwanta, iska ta ɗan yi laima, sannan a warware nadin a hankali da safar hannu ta auduga.

Hasarar da ta fi ci mini rai ta faru ne a wani lungu kusa da Kasuwar Kurmi. Na samu izinin mai wani tsohon gida da zanen fuskar zaurensa bai gama zubewa ba, na kafa kyamara, na jira rana ta karkato har zanen ya fito da inuwarsa. Na ɗauka. Da na zo mayar da marfin gidan fim, wato ɗan akwatin da ke riƙe falle a bayan kyamara, sai na ji ya cije. Na ɗan matsa, sai na ji wani ƙaramin sauti a cikin zugazugi, kamar ganye ya faɗi. Fallen ne ya zame daga layinsa ya faɗa cikin kyamara. Da na auna sauran a gida sai na ga rular ta goce, faɗinsu milimita 98 ne. Falle mai kauri zai iya jure wannan, amma siriri mai lanƙwasa da zarar ya samu sarari sai ya kumburo, marfi ya ture shi. Da na koma bayan mako biyu, an riga an yaɓe fuskar zauren da siminti.

Daga nan na daina wasa da awo. Na ɗauki falle ɗaya na masana'anta da ya lalace na mai da shi ma'auni, kowane dare sai na gwada rulolin da shi kafin a kashe fitila. Fallayen da aka yanka kuma ba na amfani da su nan take. Ina jera su a tsohon kwalin fim, in danne da katako da littafi mai nauyi har mako guda, lanƙwasar ta ragu. Bushewar iska tana ƙara ta, don maganin da ke fuskar fim yana tsukewa ya ja ledar. Game da saiti kuwa, na daɗe ina fargabar cewa siririn fim zai zauna baya kaɗan hoto ya dushe, amma bambancin milimita 0.08 ba ya tasiri in an tsuke idon kyamara zuwa f/22. Kumburin tsakiya ne abin tsoro, shi ya sa a rana mai iska nake saka ɗan gutsuren salatif mai fuska biyu a tsakiyar gidan fim, bayan na dangwala shi a riga sau biyu don ƙarfinsa ya ragu.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, wato lambar 200 da ke jikin gwangwani, mai nuna saurin fim wajen kama haske. Na ɗauke ta kamar ta kowane fim, na saita ma'aunin haske a 200, na wanke da maganin wanke fim mai suna Rodinal, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 25. Nagatif ɗin ya fito da kyau a ido, baƙinsa baƙi wuluk, amma babu hoto a cikinsa. Bangon da rana ta haska ya toshe, haske ba ya ratsa shi, cikin zaure kuma ya fito fes kamar gilashin taga, ko alamar ƙofar ciki babu. Baba ya ɗaga shi sama ya juya, ya ce, “Ka ƙona rana, ka kashe inuwa.”

Dalilin yana cikin yadda ake auna saurin fim. Na ɗaukar hoto a ƙasa ana auna shi ne a can ƙasan duhu, inda nagatif ya fara nuna alama, ƙarfin baƙinsa ya kai 0.1 sama da na gindinsa, saboda mai hoto yana son ganin abin da ke cikin inuwa. Na jirgin sama kuwa ana auna shi inda ƙarfin baƙin ya kai 0.3, bayan wanki mai ƙarfi a inji, saboda daga sama babu inuwa mai zurfi da za a damu da ita. Lambobin biyu sun yi kama, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. A ƙasa kuma, musamman a ranar Kano, tsakanin farar rigar mutum da cikin zaure bambancin yakan wuce ninki ɗari. Ka ɗauki fim da aka yi don buɗe ƙaramar tazara ka ba shi babba, dole ya yage ta gida biyu.

Gyaran abu biyu ne da ke tafiya tare: a ƙara masa haske, a rage masa wanki. Don in san adadin, na kafa kyamara gaban katangar gidanmu inda rabi rana rabi inuwa, na riƙa zaro marfin gidan fim kaɗan-kaɗan ina ɗauka, har falle ɗaya ya samu zirin haske biyar, kowane ya fi na gabansa. Na yi falle shida haka, na wanke su da lokaci daban-daban. Inda na tsaya shi ne saita ma'auni a 50, wato ninki huɗu na hasken da lambar gwangwani ta nema, da Rodinal kashi ɗaya cikin 100, minti 13 a ruwa mai zafin digiri 20, ana girgiza tiren a hankali sau ɗaya a kowane minti. In maganin ya tsinke haka, yakan gaji da wuri a wuraren da haske ya yi yawa, ya ci gaba da aiki a inuwa. Abin lura kawai shi ne kada tsinkewar ta sa ainihin maganin ya gaza: falle huɗu daidai suke da nadi ɗaya mai hoto 36, ni kuwa ba na ba su ƙasa da mililita 10 a lita ɗaya ta ruwa. Na zaɓi Rodinal ne don kwalba ɗaya takan yi shekaru ba ta mutu ba, ga mai zama nesa da kantin kayan hoto wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1891 ake amfani da shi.

Ruwa ma ya nemi nasa haƙƙin. Na famfo daga tankin sama da rana yana da ɗumi, kuma ɗumi yana hanzarta wanki ya dawo da kaifin da nake gudu. A hunturu randa ta fid da ni: ruwan da ya kwana a cikinta, da asuba yakan sauko kusa da 20, wani lokaci ma sai na ɗan surka. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yana barin farin tabo in ya bushe, don haka ɗaurayar ƙarshe da ruwan batir nake yi, tataccen, ba mai asid ba. Kafin magani ina jiƙa fallen minti biyu a ruwa zalla, rinin da ke jikinsa ya fita, ruwan ya yi duhu. Na gwada wanke falle huɗu tare a tire ɗaya kamar yadda Baba ya saba, suka manne da juna, kusurwar wani ta karce fuskar wani. Yanzu ɗaya-ɗaya nake yi, fuskar magani a sama. Yana cin dare, amma ban sake samun karce ba.

Sai a ƙarshen Janairu na ga abin da fim ɗin zai iya. Na hau Dutsen Dala da hantsi, ranar da hazo bai yi kauri sosai ba, birni yana shimfiɗe a ƙasa kamar an rufe shi da farin mayafi. Na taɓa ɗaukar wannan wuri da fim na yau da kullum, hoton ya fito toka ɗaya, ba a bambance rufi da titi. Tsaye a nan sai na lura cewa yanayin da nake ciki shi ne kusan wanda aka yi fim ɗin dominsa: kallo daga sama, ta cikin hazo, babu inuwa mai zurfi. Saboda haka na juya lissafina. Na saita a 100, na sa jar filta na ƙara mata ninki huɗu, na wanke da kashi ɗaya cikin 50.

A nan akwai abin da nake so masu sha'awa su sani, don ana yawan cewa jar filta tana ratsa hazo. Tana ratsa shuɗin hazon nesa, wanda ƙananan ƙwayoyin iska ke haddasawa ta hanyar watsa shuɗin haske fiye da ja. Hazonmu na hunturu ƙura ce, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, ƙwayoyinta manya ne, suna watsa kowane launi kusan daidai. Na ɗauki falle biyu, da filta da babu, bambancin nisan da suka gani kaɗan ne. Abin da ya yi aikin shi ne kaifin fim ɗin, wannan da ya hana ni sakat a lungu. Ya kama ɗan bambancin da ya rage a cikin hazon ya buɗe shi.

Da na ɗora nagatif ɗin a kan farin haske na sa madubin ƙara girma, sai ga rufin kwano ɗaya-ɗaya, ga soraye da zankwayensu, ga hasumiyoyin Babban Masallaci sun fito daga cikin farin. Katangun jar ƙasa sun yi haske fiye da yadda ido ke ganinsu, saboda jin jan da fim ɗin ke yi, har ana iya ware gidan ƙasa daga na siminti ba tare da an je wurin ba. A wani tsakar gida can ƙasa akwai igiyar shanya, ana iya ƙirga kayan da ke kanta: bakwai. Baba ya karɓi madubin ya daɗe a sunkuye, yana bin unguwanni da sunayensu, har ya tsaya a kan wani rufi ya ce nan ne gidan da ya fara koyon aiki.

“Ɗana, wanko mini wannan babba. Zan rataya.”

Zuwa yanzu na ci kusan mita 14 na nadin, fallayen da na yarda da su 61 ne. Sauran na mayar cikin baƙar ledarsa da gwangwaninsa, na naɗe bakin da salatif, yana ƙarƙashin gado a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ban sa shi a firji ba, don wutar da ke zuwa tana ɗaukewa za ta riƙa sa shi gumi, laima kuma ta fi zafi illa. Kafin zafin Afrilu ya shigo ina so in yanka falle 200 in danne su, saboda akwai gidaje uku a Dandago da na ji an fara sauke musu bulo a ƙofa.